Labarin Mai Shuka da Kazar Gidan Fasto

Lahadi ta biyu a watan Yuni, ƙarfe goma da kwata na safe, a rumfar kwano da ke jingine da bangon cocinmu a wani ƙauye na Malikanchi. Waɗanda ke wurin su ne ni, da matar yayana, da yara ashirin da 'yan kai a kan tabarmi biyu da benci ɗaya. Manya suna ciki ana wa'azi. A ranar na fara karanta wa yara abin da na rubuta domin shafina na intanet, kuma a ranar na fara kishin matar da ko wasiƙa ba ta iya karantawa sai ta bi layi da yatsa.

Shekara talatin na yi ina aikin rediyo a Kaduna, ina fassara labarai ina karantawa. Da na yi ritaya na dawo Ikara na zauna, ina zuwa ƙauyenmu ibada duk Lahadi. A tasha direbobi kan gane muryata kafin su gane fuskata, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin hakan. Sai dai murya ba ta zama ba aiki. Wata uku da dawowata na fara karanta wa kaina takardar magani da ƙarfi a ɗaki. 'Yata da ke Zariya ce ta ce in buɗe shafi in riƙa sa labaran Littafi Mai Tsarki na yara da Hausa, a rubuce da kuma a murya, domin malaman makarantar Lahadi na ƙauyuka su samu abin shiri. Ita ta buɗe mini, ta nuna mini inda ake dannawa. Na ga aikin ya dace da ni ƙwarai.

Ajin yaran kuwa matar yayana ce ke riƙe da shi tun kafin in dawo. Da fasto ya ji abin da nake shiryawa, sai ya ce ai ga mai murya ya zo, in karɓi ajin, ita ta riƙa taimaka mini da tsawatar wa yara. Dariya kawai ta yi. Tun ina saurayi take tsokanata, kamar yadda matar wa kan yi da ƙanin miji, kuma tsufa bai rage mata ba.

Na shirya labarin farko yadda na saba shirya labaran ƙarfe bakwai. Na zaɓi na manomin nan da ya fita shuka, irinsa ya faɗa wurare huɗu. Na rubuta, na karanta da agogo a gabana, na rage, na sake karantawa, har ya tsaya a minti uku cif. A gidan rediyo shirun daƙiƙa biyar laifi ne, injiniya zai ɗago kai ta bayan gilashi ya dube ka. Don haka ban bar ko ƙofa ɗaya a cikin rubutun ba. Na ajiye wayata a kan benci, na kunna ta tana ɗauka, domin ina so a ji motsin yara a bayan muryata.

Ban kai minti ɗaya ba wata yarinya 'yar shekara bakwai ta ɗaga hannu. Ba ta jira na ba ta izini ba.

"Baba, me ya sa bai rufe da diddige ba?"

Na ce, "Rufe me?"

"Irin mana. Babanmu yana sara da sungumi, mu muna bi muna zubawa muna takewa. Wannan shi a kan hanya yake zubarwa? Ba shi da hankali ne?"

Yara suka fashe da dariya. Na duba takardata, amsar ba ta ciki. Ni ɗan manomi ne, amma rabona da riƙe sungumi tun ina aji shida na firamare. Na ce mata haka labarin ya zo, ta saurara ta ji ƙarshensa. Ta yi shiru, sauran ma suka yi, irin shirun da yara kan yi wa baƙo.

Matar yayana ta sauke jaririn da ke cinyarta ta miƙa wa wata babbar yarinya.

"Mai rediyo, matsa kaɗan. Labaran duniya sun ƙare, a ba mu na gida."

Ta sunkuya ta cika hannunta da yashi. Ta ce, "Wa ya taɓa zuwa fadama ranar yafin shinkafa?" Hannaye suka tashi. Ta watsa yashin, ya sauka a tabarma, a ƙafafun yara, har a takalmina. "To, haka manomin nan ya yi. Ba sara ya yi ba, yafi ya yi. In an yafa iri, duk a cikin gona yake sauka?"

Daga nan ta rufe bakinta. Na ƙirga a raina, domin ƙirga shiru ya zame mini jiki. Daƙiƙa tara. Ina ta so in cike wurin. A ta goma yara uku suka amsa lokaci ɗaya, wani ya ce a kunya, wani ya ce a hanya, wata ta ce a kan fako inda ko ciyawa ba ta fitowa.

"Wanda ya faɗa a hanya, wa zai cinye shi?"

Ta sake yin shiru. Wani ƙaramin da ke cin bakin rigarsa ya ce, "Kazar gidan fasto!" Ashe akwai wata kaza mai ɗingishi a gidan fasto da ta addabi kowa a unguwar, ba a shanya hatsi ta bar shi. Dariyar da aka yi sai da wani dattijo ya leƙo daga cikin coci ya ɗaga mana yatsa.

Haka ta bi da su. Irin da ya faɗa a fako ya tsiro, rana ta ƙone shi. Wanda ya faɗa cikin ƙaya, yaran ne suka ƙara masa ƙuduji, domin shi suka sani yana shaƙe dawa a gonakin iyayensu. Da ta zo kan ƙasa mai kyau ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce maganar Allah ita ce irin, ta tambaye su kowa zuciyarsa wace ƙasa ce yau da safe, ta ce kar kowa ya faɗa mata, ya riƙe abinsa. Agogona ya nuna minti ashirin da huɗu. Ba yaron da ya nemi fita fitsari.

Da rana muna cin tuwo a gidan yayana, jikarsa ta zo ta cika hannu da yashi za ta nuna wa kakanta yadda manomin ya yi. Yayana ya kore ta don kar ta zuba mana a miya, ya juyo ya ce mini, "Ashe ka iya da yara haka?" Matarsa tana bakin murhu, ta ce, "Ya iya mana. Minti uku ya yi, ni na ɗan share masa wuri." Na yi dariya tare da su. Tuwon bai wuce mini da daɗi ba.

Sai da na koma Ikara na tuna wayar ba ta daina ɗauka ba. Washegari da safe na zauna na saurara. Minti ɗaya na muryata, a tsabtace, kowane harafi a wurinsa. Sauran duk nata ne, da tari, da kukan jariri, da "kai, zauna" a tsakiyar jimla. Na saurara sau uku ina neman kuskure. Na samu da yawa. Ta maimaita kalma ɗaya sau huɗu, ta fara jimla ba ta ƙarasa ba, ta sa fako kafin hanya a wani wuri. Da a ɗakin labarai ne da na mayar mata da takardarta. Amma kowane saurare sai in tarar ina jiran wurin kazar kamar ban san yana zuwa ba.

Abin da na yi bayan haka na yi shi da ƙwarewa. Na kwafe maganarta a takarda kalma bayan kalma. Na cire maimaici, na gyara jeri. Na cire duk shirun, domin a wurina ramuka ne. Amsoshin yaran na ɗauke su na saka a bakin mai ba da labari, har da kazar da ɗingishinta. Ya tsaya a minti huɗu da daƙiƙa goma, na yi wa kaina rangwame. Na karanta da muryata, na sa a shafi, sunana a ƙasa. Na gaya wa kaina labarin ba nata ba ne, na Littafi ne, kuma abin da edita ke yi ke nan kullum, wakili ya aiko da ɗanye a gyara. Na san kuma cewa a rediyo mukan faɗi sunan wakilin.

A cikin mako saƙonni suka fara shigowa. Wani malamin makarantar Lahadi daga Gazara ya rubuto cewa ya gwada watsa yashin, yara sun hana shi tashi. Wata mata daga wajen Kudan ta ce ta kunna wa 'ya'yanta sau biyar, ƙaraminsu yanzu duk kazar da ya gani sai ya ce ta gidan fasto ce. Ta ce, "Baba, Allah ya ƙara basira." Na amsa mata da amin.

Lahadin da ta biyo na ce wa matar yayana ta ci gaba da ba da labarin, ni zan riƙa buɗewa da addu'a ina ɗauka a waya don tarihi.

"Ɗauki mana, ƙanin miji. Muryata ba ta ƙarewa. Ka dai gaya wa tarihin ina gaishe shi."

Mako bakwai muka yi a haka. Ta ba da na makiyayin da tunkiyarsa ɗaya ta ɓata, ta tambayi yaran yadda Fulanin rugar bayan gari suke gane saniya ta ɓata ba tare da sun ƙirga ba, yaran suka ce ai kowace da kamanninta, kamar mutane. Ta ba da na magina biyu a makon da ruwa ya kayar da katangar wani gida a unguwar, ta sa yaran suka faɗi dalilin da ta wannan ta faɗi ta maƙwabcinsa ta tsaya. Kowace Litinin ina zama in wanke abin da ta faɗa in sa masa muryata.

A mako na uku na ƙirƙiro wa kaina wata azaba. Na riƙa ja wa jimlolinta layi da shuɗin biro, nawa da ja. A kowane labari nakan saka jimla biyu ko uku nawa na kaina, waɗanda na daɗe ina sassaƙawa, masu nauyi da daɗin faɗa. Sai in zauna in bi saƙonnin mutane in ga wacce suka ɗauko suka yaba. Duk shuɗi ne. Ko sau ɗaya ba wanda ya ɗauko ja. Akwai wata jimla da na rubuta a kan makiyayin wadda har yau nake ganin ta fi duk abin da ke shafin kyau. Malamin Gazara ya tsallake ta, ya yabi wurin da aka ce saniya ma tana da fuska.

Na fara kallonta a aji yadda ban taɓa kallon abokin aiki ba. Ina neman inda dabarar take. Ba ta shiri, na tabbatar, domin ranar Asabar tana wajen suyar ƙuli har yamma, jikarta ce ke karanta mata wurin a Littafi sau ɗaya tana juya tunkuza. Muryarta ba ta da kyau, tana shaƙewa in ta ɗaga. Na yi shekara talatin ina koyon yadda ake sa mutum ya saurara, ita kuwa tana goge hannu a zane ta zauna, yara su matso. In ta yi tuntuɓen harshe sai in ji wani ɗan sanyi a raina, in kuma ji kunyar sanyin.

A farkon watan Agusta aka kira taron malaman makarantar Lahadi na yankinmu a wani coci a Makarfi, ranar Asabar. Shugaban taron ya kira ni a waya ya ce suna so in zo in nuna yadda nake koyarwa, za su tara mini yara, malamai su zauna a baya su gani. Ya ce labarin mai shuka suke so. Na amsa nan take. Ban gaya wa matar yayana ba. Sai da na isa tashar Ikara da safe na gan ta a kujerar baya da babbar tukunya a cinya, domin kowane coci ya tura mata biyu su yi girkin taron.

"Mai rediyo, ina zuwa da babbar riga haka?"

Na ce taron za ni, an ce in ɗan yi magana.

"To madalla. In ka gama ka zo bayan coci in ba ka ƙanzo."

Ƙarfe goma sha ɗaya aka ba ni wuri. Yara kusan talatin a gaba, 'yan cikin gari, wasu da takalma sau ciki. Malamai a kan bencuna a baya. Na zo da yashina a leda. Na watsa, yaran suka kauce suna kakkaɓe riga. Na tambaye su ko duk irin a gona yake sauka. Na yi niyyar jira, na rantse na yi niyya. Na ƙirga ɗaya, biyu, na ga idanun malamai a kaina, sai na ji bakina ya ba da amsar. Haka na yi a tambaya ta biyu. Da na zo kan kazar gidan fasto mai ɗingishi, malamai suka yi dariya, faston wurin ya ɗaga hannu ya ce shi dai agwagi yake kiwo, aka ƙara dariya. Yaran suka dubi juna. Ba su san wata kaza ba. Na gama a minti biyar, muryata ba ta yi rawa ko sau ɗaya ba, manya suka tafa sosai.

Shugaban taron ya miƙe ya yi godiya. Sannan ya ce, "Baba, tambaya ɗaya a madadin kowa. Wannan dabarar ta yashi da kawo abin da yara suka sani a gida, a ina ka samo ta?"

Matar yayana tana tsaye a bakin taga ta waje, da tire a hannu, ta zo karɓar kofuna. Na gan ta sarai, ita ma ta gan ni. Jimlar da ta kamata gajeriya ce, kuma a shirye take a bakina: ga mai ita can a taga. Na dubi malaman nan da suka zo daga Gazara da Kudan da Janfalan saboda sunana. Na ce, "Aikin rediyo ne. Yana koya wa mutum ya san wanda ke sauraronsa." Na faɗe ta da kyau, wasu har suka rubuta. Da na sake duban tagar ba kowa.

Bayan la'asar muka kamo hanyar gida a mota ɗaya, mu biyu a baya, tukunyar a tsakaninmu. Ta sayi rake a bakin tasha tana sha tana zuba ɓawon a cikin murfin tukunya. Muka wuce gonakin rake da yawa. Ni na fara magana.

"Yaya, abin da na faɗa ɗazu..."

"Ka yi kyau. Kamar ana labaran duniya. Har na tsaya in ji ko za ka faɗi farashin taki."

"Ba wannan nake nufi ba."

"Na san abin da kake nufi. Tun watan jiya na sani. Wata mai sayen ƙuli ta kunna mini a wayarta a kasuwa, ta ce in ji yadda ƙanin mijina ya iya labari. Na ji maganata da muryar maza, an yi mata wanka an shafa mata mai." Ta tofar da ɓawo. "Na ce mata ai gidanmu duk haka muke."

Ta ci gaba.

"Amma kazar nan, ƙanin miji. Kai ka taɓa ganinta ma? An yanka ta tun da baƙin fasto suka zo. Kana ta yawo da ita gari gari, ita tana cikin miya. Ba ni na kawo ta labarin ba, yaran ne suka kawo abarsu. Da ka ɗan jira na Makarfi, da sun ba ka tasu. Ko akuya ce, ko agwagwar faston nan. Kowace unguwa da ɓarawonta."

Direba ya yi dariya, ashe yana ji. Na ce mata zan gyara, zan sa sunanta a shafin.

"Ka sa ko kar ka sa, ni ba shiga can nake yi ba. Abu ɗaya dai. Wayarka kar ta sake zama a bencina. Tun da ta fara zama yaran suke kallonta suna gyara murya. 'Yar nan mai tambayar diddige mako uku ke nan ba ta buɗe baki ba, wai kar a ji ta a rediyo."

Ta miƙo mini gaɓar rake. Na karɓa. Na so ta yi fushi. Da ta yi, da na san abin da na ɗauka yana da daraja a wurinta, sunan da tafin da benci cike da malamai. Ba ta yi ba, ta juya tana tambayar direba ko ruwan jiya ya kai wajensu. Na riƙe raken har Ikara ban sha ba.

Ranar Litinin na buɗe shafin na ƙara layi ɗaya a saman labarai bakwai, cewa matar yayana ce ta ba da su a ajinta, ni na rubuta na karanta. Bayan haka na sa wasu biyu da na shirya ni kaɗai, saƙo ɗaya ya shigo a kansu, mai tambaya ko Mama lafiya. A watan Oktoba shugaban taron ya aiko da takarda ta hannuna, suna roƙon ta je Gazara ta koyar da malamai. Ni na karanta mata takardar, ni kuma na kai ta tasha ranar tafiyar.